Lauya a Bayan Ganga

Sandar dogarawa ta hagu ce ta nutse. Lauya ta ja, laka ta riƙe, ta sake ja har kafaɗarta ta amsa. Can gaba matasan cocinsu sun yi nisa da gicciye da ganga, suna waƙa, sun nufi ɗakin addu'ar da ke hayin fadama, inda ita ce za ta karanta Zabura.

Tun a mota Fasto ya ce ta zauna, direba ya zagaya da ita ta titi. Ta ce shan inna ƙafarta ya taɓa, bai taɓa zuciyarta ba, kuma ba ta zo ziyarar ibada a kan kujera ba. Wannan bakin ne ya jawo mata sunan Lauya. Fasto ya yarda, da sharaɗin in ta gaza sai mota.

"Kawo hannu," in ji matar Fasto, wadda ta dawo baya tana haki.

"Mama, ki tafi. Ban gaza ba."

"Wa ya ce kin gaza? Gwiwata ce ta gaza. Bari in fake da ke."

Suka tsaya. Ganga ta yi nisa har ta ɓace, sai fadama ta fara motsi. Kwaɗi suka ɗauki kuka. Kififiya ta hau wani kututture ta miƙa wuya. Zalɓe ya sauko, ya tsaya a ƙafa ɗaya ba ko kunya. Wani ɗan tsuntsu mai dogayen yatsu ya bi ta kan ganyen bado, yana taka kowane ganye a hankali kafin ya saki na baya.

A makaranta Lauya ta karanta cewa fadama tana tace ruwa, tana shanye ambaliya. Ta ci jarrabawa a kai, amma ba ta taɓa tsayawa a cikinta ba. Ta daɗe tana kallon tsuntsun. Sannan ta dafa kafaɗar Mama, suka zaro sandar tare.

Sun iso a makare, laka har gwiwa. Mai Ganga yana ta mita a bakin ƙofa.

"An ce za mu ga halittun Ubangiji. Ni dai sauro na gani."

"Da wannan gangar taka?" in ji Mama. "Ko kada ai sai ya yi ƙaura." Ta zayyana musu abin da suka gani.

Lauya ta karanta Zabura.

Da za a koma, Fasto ya dubi mota, ya dubi fadama.

"Lauya, ke ce gaba. Kowa ya bi takunki."

Ta gyara riƙon sandunanta.

"Na gode, Baba," ta ce.

Mai Ganga ya kai gangarsa mota.