Darmaji da Shayin Masu Biki

Ana gama atisaye Bu Lastri, mai ƙungiyar kiɗan, ta faɗa wa Darmaji a gaban kowa.

"Mas Dar, yayana, ba faɗa ba ne. Bikin 'yar dagaci ya matso. Ko ka kawo mana sabon sauti, ko fiyano ya yi mana busar. Shi dai ba ya gyangyaɗi a kan dandamali."

Aka kwashe da dariya, ban da shi.

Tun yana saurayi yake busa sarewar gora a bukukuwan garinsu Nganjuk. A da, ko wanka yake yi sai sabon sauti ya faɗo masa. Yanzu shiru. In ya ɗauki sarewar ji yake kamar taɓarya ya ɗauka. Yatsu sun yi nauyi, ƙishi ba ya ƙarewa, barci ko a tsaye. Kuma shi a ganinsa ya san dalili. Bara a watan Suro, farkon shekararsu, lokacin da makaɗa ke yi wa kayan kiɗansu wanka da ruwan furanni, shi yana can yana bin bukukuwa. Sarewar da kakansa ya bar masa ta yi fushi, ta janye albarkarta.

Da ya gaya wa matarsa Sumirah, ba ta yi musu ba. "Na san wata mai magani," ta ce. "Ɗauko sarewar, hau babur."

Ya naɗe sarewar a farin ƙyalle, ya sayi furanni a hanya. Sai ga su a ƙofar asibitin gunduma.

"Dik, wannan ai asibiti ne!" in ji shi. Haka yake kiran matarsa.

"Mai maganin tana ciki. Sauka, Mas, kar ka ba ni kunya."

Wata nas ta tsira masa allura a yatsa, ta duba na'ura, ta sake dubawa.

"Pak, ranka ya daɗe, shayi kofi nawa kake sha a wurin biki?"

"Duk wanda aka miƙo."

Me zai ce? Makaɗi ba ya barin kofin mai biki da saura. Shayi ne mai kauri, sukari ya kwanta a ƙasa, kuma ana ganin kofi ya yi ƙasa za a sake cikawa. Ƙin sha cin fuska ne.

"Sukari ne ya hau maka," in ji nas. "Shi ke sa ka kasala da ƙishin nan. Amma ba ka makara ba."

Ya ɗago ƙunshin. "To, ita fa sarewar?"

"Miƙo yatsanta in gwada," in ji nas.

Darmaji ya fashe da dariya har da hawaye. Ashe ba a kore shi ba ne! Ashe abin yana da suna, har da ƙwayoyinsa!

Aka fara: magani, rage shinkafa, kwanciya da wuri, tattaki kowace safiya a kan kunyoyin gona. Saura shayin mutane. Nan Sumirah ta nuna gwanintarta. Ta raɗa wa mai sayar da kayan miya cewa mijinta ya shiga azumin zaƙi don neman buɗi. Kafin Asabar labari ya karaɗe gari. A biki na gaba, mai gida da kansa ya kawo masa ruwan ɗumi, hannu biyu, yana rusunawa.

"Waliyyi, a sa mu a addu'a," in ji Gimin mai ganga, yana jawo kofin shayin gabansa.

Sautin bai zo da wuri ba. Darmaji har ya fara cire rai. Sai wata safiya, yana tafe bayan garken agwagi, ya ji kansa yana fito. Wani abu ne da bai taɓa ji ba. Ya tsaya cak. Ya juya da gudu, takalmi a hannu, yana maimaitawa kar ya kuɓuce masa.

Da la'asar ya busa musu shi a wurin atisaye. Ya ja numfashi ɗaya mai tsawo, bai yanke ba. Gimin ya shigo da ganga ba tare da an ce masa ba.

Bu Lastri ta saurara har ƙarshe. Sannan ta gyara zama.

"Sake daga farko. Da shi za a shigo da amarya."