Mai Rigar Ruwa a Hawa na Shida

Damin rodi ya kusa kaiwa hawa na shida ke nan sai Na-Sama ya saki sandar juyi, ya danna birki. Kayan suka tsaya a iska suna ɗan lilo.

A can ƙuryar benen, daidai inda zai sauke su, wani mutum ne tsaye da rigar ruwa ruwan ɗorawa da hular kwano. Ya miƙe hannuwansa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Duk mai aikin gini ya san wannan alamar, nufinta a tsaya.

Shekara goma sha tara Na-Sama yana tuƙa injin ɗaga kaya, a ɗan akurkin gilashin da sai ya hau tsani na minti goma yake kai gare shi. Can sama ba ka jin komai sai iska da kukan waya. Dokar aikin kuwa ya haddace ta. Umarnin ɗagawa da saukewa daga mutum ɗaya kake karɓa, mai ba da hannu. Amma alamar tsayawa, ko wane ne ya yi ta, dole ka bi.

Oba-oba, 'yar rediyon da suke magana da ita, ta yi ƙara. "Yaya, lafiya? Na ce sauke, ka tsaya kamar an kira sallah."

Ƙanin matarsa ne, mai ba shi hannu, wanda leburori suka laƙaba wa Tirafik saboda yadda yake karkaɗa hannu. Bakinsa ba ya hutawa. Watannin nan ma ya ƙaro sabon iyayi, duk alamar da ya yi da hannu sai ya faɗe ta a oba-oba, har da waƙa.

"Akwai mai tsayar da ni," in ji Na-Sama.

"A ina?"

"A ƙuryar gabas. Ga shi nan ya buɗe hannu."

Ruwan da aka yi da hantsi ya ɗauke, amma gari bai washe ba, komai ya yi toka-toka. Na-Sama ya goge gilashi da hannun riga duk da ya san ba gilashin ba ne. Shekara guda ke nan abin nesa yana narke masa, gefen mutum yana haɗewa da bango. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Sau biyu kamfani yana kawo masu gwajin ido, sau biyu yana kamuwa da zazzaɓin ƙarya. In aka sauke shi daga kujerar nan bai san abin da zai zama a ƙasa ba, kuma wannan tsoron ya fi masa tsoron tsani nesa ba kusa ba.

Mutumin bai motsa ba. Ɗan Adam in ya miƙe hannu minti biyu sai kafaɗa ta gaji, ya ɗan sassauta. Wannan ko gezau. Kuma a ƙarƙashin hular, inda fuska ya kamata ta kasance, duhu ne kawai.

A ƙuryar nan ce wani birkila ya zame bara, ya faɗo. Tun daga ranar leburori ba sa cin abinci a wajen, ko da inuwarsa ta fi ko'ina sanyi. Na-Sama bai taɓa ɗaukar zancen da muhimmanci ba, amma sai ga shi yana karanta addu'a a ransa.

Muryar Injiniya ta shigo. "Malam, motar kankare tana jira. Babu kowa a hawa na shida, ni na kwashe mutane da kaina. Sauke kayan nan."

"Ranka ya daɗe, an tsayar da ni."

"Wa ya tsayar da kai?"

"Ban san shi ba. Amma sai ya sauke hannu zan motsa."

"Ikon Allah," in ji Injiniya. "Tirafik, hau ka dubo mana wannan baƙon."

Na-Sama ya bi ɗigon jan rigar Tirafik da kallo, yana ɓacewa a matakala yana ɓullowa, hawa bayan hawa. A ƙasa injin kwaɓa siminti ya mutu, mutane sun daina aiki sun ɗaga kai. Tirafik ya fito a hawa na shida, ya nufi ƙuryar kai tsaye ba ko ɗar. Ya tsaya gaban mutumin. Sai ya sa hannu ya cire masa kai, ya ajiye a ƙasa. Ya zare hannun dama, ya zare na hagu, ya naɗe mutumin gaba ɗaya ya rataya a kafaɗa. Abin da ya rage a wajen bututun ƙarfe ne biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye.

"Rigar wani ce ya shanya," Tirafik ya faɗa a oba-oba, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Duhun hadarin nan ne, Yallaɓai, ko ni daga ƙasa na ɗauka mutum ne."

Leburori suka kwashe da dariya, har sama ana jiyo ta kaɗan-kaɗan. Na-Sama bai yi ba. Ya ajiye oba-oba, wadda kowa ke ji, ya ciro wayarsa ya kira ƙanin matarsa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Na san me, Yaya?"

"Kada ka raina min hankali. Waƙar da kake yi min a oba-oba."

Tirafik ya ja numfashi. "Wata shida. Ka bar shi a tsakaninmu, ni ne idonka. Yara huɗu gare ka, ga yayata ba ta da lafiya. Ina faɗa, kana yi, wa zai gane?"

Na-Sama ya dubi filin aikin a ƙasa. Ɗigo-ɗigo ne masu launi, wasu na motsi, wasu ba sa yi. Yau ya ɗauki riga a matsayin mutum, an yi dariya. Sai wani abu ya faɗo masa a rai.

"Ranar Talata, da na ratsa da bulo ta bakin matakala, ka yi min ihu. Akwai wani shuɗin duro a wajen, na kusa goge shi."

Tirafik ya fara kame-kame.

"Ina jin ka," in ji Na-Sama.

"Ba duro ba ne, Yaya," in ji Tirafik a hankali. "Mai fenti ne. Ya tsuguna yana wanke burushi."

Na-Sama ya kashe wayar. Sannan ya ɗauki oba-oba ya ce Tirafik ya yi masa magana, a hankali, taku-taku. Ya sauke rodin lafiya lau, ko ƙara bai yi ba. Ya janye ƙugiya sama, ya kashe inji, ya kama tsani.

Injiniya na jiransa a gindi, yana murmushi. "To, mai ganin aljanu, sauran dami uku."

"A nemo wanda zai ɗaga su, ranka ya daɗe," in ji Na-Sama. "Ni ba na gani."