Tulun Sobiyar Malam

Shekarar da aka rushe unguwarmu Karantina a Jidda, abu biyu na ce ba zan bari ba: keken ɗinkina da tulun sobiyar Malam. Keken ya karye a mota. Tulun ya iso unguwar Madain Fahd lafiya, a kan cinyar mai shi.

Malam maigidana ne. Duk azumi yakan yi sobiya, abin shan nan na sha'ir da busasshen burodi da ake jiƙawa a bari ya tashi. Ba ya sayarwa. Kafin magariba yake kaiwa ƙofar masallaci, direbobi da masu shara su sha ruwa da ita. A Rajab Allah ya karɓi abinsa, azumi ya same ni cikin takaba a gidan autana Tariq. Na ce sobiya kam sai ta je masallaci.

Na jiƙa yadda na ga yana yi, na sa kirfa, na rufe. Da na buɗe, ruwa kwance shiru, ba kumfa ba ƙamshi. Na ba shi lokaci, yana nan yadda yake. Na juye a roba na leƙa cikin tulun. Fes, kamar yau aka ƙera shi.

Na kira Razan, matar Tariq.

"Wa ya wanke wannan?"

"Ni ce, Khala. Wallahi ya yi baƙi, sai da na sa sabulu da ruwan zafi."

Baƙin nan shi ne irin da ke tayar da sobiya. Tun kafin a haifi mijinta sabulu bai taɓa shiga tulun ba. Ban zage ta ba. Yarinya ce, a ganinta taimako ta yi. Ta ruga ta kawo mini yis ɗin burodi. Na ce, "Funkaso zan kai masallaci?"

Tariq ya ce, "Halas, shi ke nan ya Ummi, a shago ma ana sayarwa. In sayo, in juye, in kai. Wa zai gane?"

"Ni."

"To zubar da wannan, ta mutu."

"Uban wa ya ce ta mutu? Sanyin na'urar sanyaya ɗakinku ya kama ta. Ni ma tun da na shigo gidan nan ƙasusuwana ba su yi ɗumi ba."

Maƙwabtan da zan aika su sam mini iri duk sun watse, wasu Sudan, wasu ban san inda iska ta kai su ba. Amma akwai abin da na ɓoye. Ranar da Tariq ya kwashe kayan ubansa ya bayar sadaka, na zare wani tsohon hirami na tura ƙarƙashin matashina. Da shi Malam yake ɗaure bakin tulun. Kumfar shekaru ta bushe a jikinsa har ya yi tauri, kuma ƙamshin hannun Malam na nan. Shi nake shinshinawa in kewa ta taso mini. Na san in ya shiga ruwa, ƙamshin ya tafi ke nan.

Na daɗe zaune da shi a hannu. Sai na mayar da jiƙon cikin tulu, na cusa hiramin, na matse shi da kyau. Na ɗauki tulun na nufi saman gida.

Tariq ya tare matakala. "Ummi, takaba fa kike."

"Saman gida ba gida ba ne? Matsa, ko ka riƙe mini."

Ya riƙe. Muka ajiye a inuwar tankin ruwa, inda zafin Jidda yake kamar na tsakar gidanmu na da.

Washegari da la'asar na kara kunne. Tsit-tsit-tsit, a hankali. Na buɗe, kumfa ta taru a gefe, tsami mai daɗi ya bugi hancina. Na tace nan take kada ta wuce gona, na sa sukari da ƙanƙara. Tariq ya kai masallaci, ya dawo da jarkoki babu ko ɗigo, sai ya sumbaci kaina.

Hiramin ya bushe a igiya. Na shinshina, ba komai sai rana. Na yi kukana, na gama, na ɗaure bakin tulun da shi. Na kira Razan na ɗora hannunta a kai.

Na ce, "Bayan raina naki ne. Amma kika sake kusantarsa da sabulu, sai na taso."