Layar da ke Jikin Ƙwaƙwalwar Mota

"Makau, kai ka sace ƙwaƙwalwar motar gidanmu! Hito daga ƙarƙashin motar nan, hito in ga idonka!"

Ran kasuwar Bukkuyum ne, tasha ta cika, sai ga Inna Zaliha tsaye a garejin Makau bakanike, goye da jikarta Mardiyya, yarinyar da ta isa tafiya da ƙafarta tun bara waccan. Ɗanta Atiku, direba, uban yarinyar, yana bayanta yana faɗin, "Inna, a yi a hankali." Ko waiwayarsa ba ta yi ba.

Mardiyya na cikin yaran ƙauyen Yargalma da gubar dalma ta kama lokacin da ake daka duwatsun zinari a tsakar gida. Likitoci sun sa mata ranakun karɓar magani da gwajin jini, kuma motar Atiku ce ke kai ta. Ana nan Atiku ya kawo motar wajen Makau gyaran birki, ta kwana biyu. Tun daga ranar ta canza hali. Ta tashi lafiya, in ta yi zafi sai ta yi ta shaƙewa, ta mutu a tsakiyar daji. Sau biyu suna rasa ranar asibiti. Bayan na biyun ne yarinyar ta sake sanƙarewa, idanu suka kakkafe, kuma tun daga nan ba ta ƙara cewa Inna ba.

Da ƙyar suka lallaɓa motar zuwa Gummi, wajen wani mai duba mota da kwamfuta. Zaliha ta ce ƙafarta ƙafarsu. Mutumin ya jona waya, ya cire wani ɗan akwatin ƙarfe a gindin kujerar gaba, ya girgiza kai. Ya ce wannan ba ƙwaƙwalwar motar ba ce. Tata ta asali irin wadda ake gogewa ce a sake rubuta mata umarni, a ƙara mata gudu ko a rage mata shan mai. Wannan kuwa rubutu ɗaya aka yi mata tun daga kamfani, don wani injin daban, babu mai iya taɓa shi.

"Wato waccan lalle, wagga tsaga," in ji Zaliha. "Lalle ya goge a sake, tsaga sai kabari."

Ya ce haka ne, Inna.

Sai ta karɓi akwatin ta juya shi. Ran da aka sayo motar, ita da kanta ta durƙusa ta ɗaura laya a jikin wani ƙarfe a wurin nan, jar fata, ɗinkin shuɗin zare, ba ta ma san ƙwaƙwalwa ake ce masa ba. Wannan akwatin kuwa babu laya a jikinsa.

Yau da hantsi tana ratsa tasha, ta ga motar Alhaji Tsoho mai sayen zinari a Bagega, wadda ake ta labarin tun kwanan baya ba a kamo ta a hanyar Anka. Irin ta Atiku ce sak. Ana share ta, ƙofofi a buɗe, an ɗaga shimfiɗar ƙasa. Tsohuwa ta leƙa kawai. Jar fata, shuɗin zare.

Makau ya fito daga ƙarƙashin motar da yake gyara yana goge hannu da tsumma. "Haba Inna, ke da ko sitiyari ba ki taɓa riƙewa ba, ina kika san ƙwaƙwalwar mota?"

"Awo, ban san boko ba, ban san inji ba. Amma na san ɗinkin hannuna. Mi ya kai layata motar Alhaji?"

Wani direba ya ce, "Af! Ashe layar nan ce direban Alhaji ke mana kuri da ita, wai kyauta ta zo da kayan da Makau ya sa masa?"

Makau ya dubi ƙasa.

"Ka ji tsoron yanke laya kada hannunka ya shanye," in ji ta, "amma ba ka ji tsoron Allah ba. Ka ɗauke ta mai gudu ka kai ma mai zinari, mu ka liƙa muna matacciya, don ka san uban yarinyar ga ba shi da baki."

"Inna, za a duba, a daidaita..."

"A daidaita mi?" Ta kwance goyon, ta tsayar da Mardiyya a gabansa. Yarinyar ta yi tangaɗi, ta kama zanen kakarta, yawu na bin haɓarta. "Likita ya ce abin da dalma ta taɓa a kanta ba ya komawa, sauran ake ceto. Alhamis munka ji ana jiranta. Jibi ke nan."

Shugaban direbobin tasha ya matso, ya ce a je ofis a zauna, a bar tara jama'a.

"Ba ni zama," ta ce. "Ga motar Alhaji can ba ta tashi ba, ga sufana a hannun wanga. A kwance akwatin yanzu a gaban idona a mayar inda anka ɗauke shi. In an gama, Shugaba, ka tsai da Makau nan gaban mutane, ya dubi ɗiyar ga, ya faɗi da bakinai wa zai amsa ranakun nan biyu da ta rasa."