Saƙon da Ya Ce Babu Matsala

Ranar da muka sabunta kwamfaila, ranar aikina ya mutu. Jana'izarsa ce ta yi jinkiri.

Kwamfaila ita ce ke juya abin da muka rubuta zuwa yaren na'ura. Ni ke kula da rumbun bayanan manhajar da kamfaninmu ke sayar wa shagunan magani a Sabon Gari. Bayan sabuntawar, in aka shigar da maganin da wa'adinsa ya wuce, rumbun ya ƙi karɓa, amma allon ya rubuta "Babu matsala". Masu shago suka yi ta miƙa wa mutane.

Na bi layukan da na rubuta wa na'urar ɗaya bayan ɗaya, ban ga aibu ba. Na mayar da tsohuwar kwamfaila, gargaɗin ya dawo.

Na kai ƙarar sabuwar kwamfailar wurin mai kamfanin, Abdulgani, yaron da digirinsa ya fi karatunsa nauyi. Ya yi dariya.

"Baba, Turawan da suka ƙera ta ne ba su iya ba, sai kai? Ka ce idonka ya gaji, mu wuce wurin."

"A gwada a gabanka."

"Ba ni da lokacin tarihi."

Ya tara ma'aikata ya ce in amsa laifi ko in ajiye makulli. Na ajiye.

A gida, a unguwar Kwaciri, matata Gana tana kwance, ciwon ƙoda ya cinye ta. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, ka ba shi haƙuri mana. Girman kan nan naka zai bar mu a rana." Ni kuwa ban iya gwada mata kwamfaila a kan gado ba.

Ta rasu kafin damina ta ƙare.

Bayan sadakar arba'in, Kenechukwu, abokin aikina, ya zo gaisuwa. Ya daɗe yana murza hularsa.

"Baba, masu kwamfailar sun amsa. Kuskurensu ne, sun gyara. Oga ne ya tura musu gwajinka, da sunansa. Yanzu har lacca yake bayarwa."

"Magungunan da aka sayar fa?"

"Ya ce kada a tada maganar. Ya ce kuma in kana so ka dawo, ya yafe maka."

Na raka shi bakin titi. Na koma ɗakinta, na zauna gefen katifar da aka naɗe.

Gana, ba girman kai ba ne.