Gargaɗin da Bai Iso Kunnen Barakatu Ba

Shekara talatin Barakatu tana kirɓa fura a Daura kafin sanyin ƙashi ya cinye mata wuyan hannun dama. A wani asibitin kuɗi a Kano aka cire gaɓar, aka sa mata ta ƙarfe da roba. Ciwo ya lafa. Bayan wata huɗu ta ɗauki taɓaryarta. Ba a yi sati uku ba hannun ya kumbura, yatsu biyu suka mutu, ƙarfen yana girgiɗi a ciki kamar tsohon haƙori.

Ɗanta Ma'aruf ya mayar da ita asibitin. Likita ya ɗaga hoton ƙashi, ya juya wajen Ma'aruf yana cewa ƙarfen ya kwance, kuma laifin Mama ne. Ai an faɗa: mai irin wannan gaɓa ba daka, ba ɗaukar ko bokitin ruwa, har abada. Tunda ta karya doka, babu ruwan asibiti.

"Wa aka faɗa wa?" in ji Barakatu.

Likita ya nuna takarda mai dangwalen yatsanta, ya ce ai ya yi wa ɗanta bayani dalla-dalla.

Nan ta gane inda aka kashe ta. Ma'aruf ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, gaisuwarsu daga bakin ƙofa ce, kansa a ƙasa. Shi ne zai dube ta ya ce ta jingine taɓarya? Ƙanwarsa Siddiƙa ya ba saƙon, ita kuwa ta ce wai likita ya ce a huta. Barakatu kuwa ta huta, wata huɗu cur.

"Ma'aruf," ta ce. Ɗan nata, mutum mai furfura a gemu, ya zabura, don bai taɓa jin sunan daga bakinta ba. "Fita."

Ta jawo kujera ta ɗora kumburarren hannun a kan teburin likita.

"Ɗan nan, hannun a jikinsa yake ko a nawa? Ni ka yanka, shi ka yi wa magana. Ban yi boko ba, amma ba kurma ce ni ba. Ko layi ya kai titi, ba inda za ni."

Likita ya dubi ƙofa, ya dubi hannun, ya ajiye biro. Da Hausa ya faɗa mata: sai an cire ƙarfen, a haɗe ƙasusuwan, wuyan hannun ba zai ƙara lanƙwasuwa ba. Wurin yana iya ruɓa, yatsun kuma mai yiwuwa ba za su farfaɗo ba.

"Zai riƙe taɓarya?"

Ya ce wataƙila, in ya warke.

Ta ce a yi, asibiti ya ɗauki nauyi, kuma a rubuta cewa wancan karon ba a faɗa mata ba. Ya ɗauki biro ya rubuta. Ta sa aka karanta mata takardar sau biyu, sannan ta miƙa babban yatsan hagu.