Burodin Idwal

"Menna, wace ce wannan baƙuwar da ta tsare ni da ido?" Idwal ya tambaye ni da yarenmu, ƙirjinsa na ƙugi.

"Anti Menna, me ya ce?" in ji Eirlys, 'yarsa tilo, wadda ta baro birnin Birmingham ta tare a gefen gadonsa.

Kai, na gaji! Katanga ɗaya ta raba gidana da na Idwal, amma tun da ƙurar mahaƙar dutse ta kwantar da shi na zama tafinta tsakanin uba da 'ya. Ciwon ya share masa Turanci tas, sai yaren Wales da ya tashi da shi. Ita ko ba ta jin ko kalma. Shi ya hana a koya mata, wai kada ta ƙare a ƙauyen nan kamarsa. To, ga ranar yaren ta zo.

"Cewa ya yi wace ce ke."

Ta tashi ta shige kicin. Na same ta tana kallon ruwan sama ta taga, idanunta jawur.

"Anti, haka zai tafi bai gane ni ba?"

"Bar kukan nan, ni ma ƙafafuna ciwo suke. Yanka masa burodi, bai ci komai ba tun jiya."

Ta kai shayi ɗakin, ta zauna, hankalinta ba ya jikinta. Ta rungume burodin a ƙirji, ta fara shafa masa man shanu, sannan ta ja wuƙar zuwa jikinta, yanka ya fito siriri har kana hango haske ta ciki. Matan garinmu kaɗai na sani da wannan ganganci.

Idwal ya bar tari. Ya bi hannun da kallo, ya ɗago zuwa fuskarta.

"Hannun Nesta ke nan," ya ce, yana nufin marigayiya matarsa. "Eirlys, 'yar nan, za ki yanke kanki. Yaushe kika zo?"

Eirlys ta juyo gare ni, na buɗe baki zan fassara, sai ta girgiza kai.

"Bar shi, Anti. Na ji sunana."

Na koma gida na miƙe ƙafa. Kafin la'asar Eirlys ta ƙwanƙwasa mini katanga, na san Idwal ya cika.

Da na shiga, ruwan ya tsagaita. Tana zaune riƙe da hannunsa, ga faranti a kan bargo, da yankan burodin da ya gutsura sau ɗaya.